Ƙararrawar gobara ta yi mana ƙarya sau uku a mako guda, in ci gaba da kiran 'yan kwana-kwana?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga masu kula da manyan gine-gine a nan Abuja. Ni ke riƙe da wata filaza mai hawa huɗu a Utako, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Tun da aka gina ta mai ginin ya sa ƙararrawar gobara, irin mai fararen na'urorin nan da ke manne a silin suna shinshinar hayaki. To daga Litinin zuwa jiya Juma'a sau uku tana tashi. Ranar Litinin wajen sha ɗaya na safe kowa ya fito a guje, wata baiwar Allah har ta gurɗe ƙafa a matakala. Na kira 'yan kwana-kwana, suka zo da jiniya, suka zagaye hawa huɗun nan kaf, ko ƙaurin ashana babu. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Laraba ta sake, rabin mutane ne suka fito. Jiya kuwa ba wanda ya ɗaga kai daga kwamfutarsa, maigadi ya je ya danna ta yi shiru ya koma kan bencinsa. Yanzu 'yan haya sun ce in cire mata wuta kowa ya huta. Tambayata biyu ce. In ta sake tashi, in kira ko in bari? Kuma akwai tarar da ake cin mutum in ya yi ta kiransu a banza?

Auta: Wa alaikumus salam. Yallaɓai ai ƙararrawar taka siyasa ta shiga, ihu da yawa aiki babu 😂

Injiniyan Kubwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, don Allah kada ka cire mata wuta. Da ta tashi, me fanel ɗin, wato akwatin da ke sarrafa ƙararrawar, ya nuna, wane sashe ne fitilarsa ta yi ja? Duk sau ukun wuri ɗaya ne ko daban-daban? Kuma yaushe rabon da wani ya zo ya yi mata sabis?

Baban Khalifa: Injiniya gaskiya ban duba ba. Akwatin yana bayan teburin maigadi, shi dai ya san maɓallin da ake dannawa ta yi shiru. Sabis kuwa, shekarata uku a wurin ban taɓa ganin wani ya kafa tsani ya taɓa su ba.

Injiniyan Kubwa: To nan gizo ke saƙar. Bari in gaya maka abin da ke cikin 'yar farar na'urar nan. Ɗan ɗaki ne mai duhu, da ƙaramar fitila tana haska gefe guda, da wani ido yana kallon wani gefen. Muddin iskar ciki tsaf take, idon ba ya ganin hasken. Hayaki na shiga sai ya watsa hasken ya faɗo kan idon, ita kuma ta kwarma ihu. Ita fa ba ta san hayaki ba. Duk abin da ya watsa mata haske hayaki ne a wurinta: ƙura, tururin ruwan zafi, feshin maganin sauro, turaren fesawa, har ɗan gizo-gizo in ya samu ya yi gida a ciki. Ga shi muna tsakiyar hunturu, ka shafa gilashin motarka da safe ka ga abin da ke sauka a kai cikin dare ɗaya. Taka shekara uku tana haɗiyar wannan ƙurar. Ta riga ta cika ta batse, abu kaɗan ne zai tunzura ta. Ƙa'idar Birtaniya da ni nake aiki da ita, BS 5839, cewa ta yi a gwada ƙararrawa kowane mako, ƙwararre kuma ya duba ta kada a wuce wata shida. Mu nan ana sakawa ne don a samu takardar kammala gini, daga nan sai Allah ya kyauta.

Hajiya Mai Turare: Injiniya ka taɓo ni. A shagona na Wuse 2 ni ce na tayar da ta filazarmu sau biyu, ban ma san ni ce ba. Kullum da safe sai na sa garwashi a kasko na zuba turaren wuta, to wa zai shigo shagon turare ya ji ba ƙamshi? Ashe abin yana saman kaina. Ranar da manaja ya gano, har shago ya zo yana faɗa kamar na kashe mutum. Na ce to a cire min ita mana, ai ni ba wuta nake sayarwa ba.

Auta: Hajiya kasko da garwashi a shago mai cike da kwalaben turare, amma ba wuta kike sayarwa ba 😂 Allah ya bar mana ke.

Hajiya Mai Turare: Auta ka kiyaye ni, na haifi kamarka.

Injiniyan Kubwa: Hajiya ba cirewa ake yi ba, canzawa ake yi. Akwai wadda zafi take ji ba hayaki ba, sai wurin ya kai wajen digiri 58, ko zafin ya yi tsalle farat ɗaya, sannan ta tashi. Ita ake sawa a kicin da ɗakin janareto da wuri irin naki. Sai dai ta fi mai hayakin nawa, kafin ta ji zafi wuta ta riga ta kama sosai, shi ya sa ba a sa ta a ɗakin kwana ko a baranda. Akwai kuma mai haɗa biyun, tana auna hayaki da zafi tare, ta fi tsada amma ta fi wuyar ruɗuwa. Rabin ƙaryar da nake zuwa gyarawa a Abuja ba lalacewa ba ce, an ɗora na'ura ne a inda ba wurinta ba.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna min maganar nan ta ce in sa baki. Shekara 35 na yi a aikin kashe gobara, ƙarshensa a nan Abuja. Baban Khalifa, ɗana, kiran da ka yi ranar Litinin daidai ka yi, ka daina jin kunya. Mu a wurinmu kiran da aka je ba a tarar da wuta ba kashi uku ne. Akwai na ɗan iska da ya ɗauki waya da gangan don ya ga mota ta fito. Akwai na mutumin kirki da ya ga hayaki ko ya ji ƙauri ya kira da zuciya ɗaya, ashe bola ake ƙonawa a bayan katanga. Akwai kuma na na'ura irin taka. Na farkon ne kawai muke jin haushi. Ni dai a iya zamana ban taɓa rubuta wa wani tara don na'urarsa ta yi kuka ba. Abin da muke yi shi ne mu duba, mu tabbatar, mu ja kunnen mai gini ya nemo mai gyara.

Amma kada in ɓoye maka, fitar mota ba wasa ba ce. Daga lokacin da aka buga ƙararrawar tasha, mutum biyar ko shida sun bar abin da suke yi, an ƙona man dizal, direba ya kutsa cikin cunkoson Berger ko Mabushi da mota mai nauyin ruwa, wadda ba ta tsayawa da wuri in an taka birki. Duk wanda ya taɓa zama a gaban motar nan ya ga yadda ɗan tasi ke shan gabanta ya san a bakin rai ake tafiyar. Babbar damuwar kuma, in muna Utako muna leƙa silin, wuta ta tashi a Gwarimpa, motar da ya kamata ta je tana wurinka.

Baban Khalifa: Baba Allah ya ƙara girma, na gode. To kenan in ta sake in fara dubawa kafin in kira?

Alhaji Na Taminus: A'a. Ni ban yarda ba. Ka kira, ko sau goma ne a rana. Baba ka yi haƙuri, ba raina maganarka na yi ba, amma ni na ga abin da wuta ke yi. Shago biyu gare mu a babbar kasuwar Jos lokacin da ta ƙone a Fabrairun 2002, na atamfa da na shadda. Mahaifinmu bai sake miƙewa ba har ya koma ga Allah, dalilin zuwana Abuja kenan. Yau sama da shekara ashirin, duk wanda ya bi ta Taminus ya san kasuwar ba ta dawo yadda take ba. Man dizal nawa ne? A kawo min rasit in biya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Baba Mai Ritaya: Allah ya jiƙan mahaifinku Alhaji, ya mayar muku da alheri. Ban ce kada a kira ba. Ina zuwa.

Maman Iman: Sannunku da gida. Ni nas ce a gidan kula da tsofaffi a Sikotilan, kuma wannan muhawarar da kuke yi su ma sun yi ta, har sun yanke hukunci. Tun 1 ga Yulin 2023 hukumar kashe gobara ta nan ta daina tura mota ofis ko shago ko masana'anta don kawai na'ura ta yi kuka. Sai an kira an ce ga wuta, ko ga hayaki, ko ana jin ƙauri. Landan ma ta bi sahu a ƙarshen Oktoban 2024, daga bakwai na safe zuwa takwas da rabi na dare ba sa zuwa irin waɗannan gine-ginen sai mutum ya tabbatar. Dalilin na Landan, a cikin irin wannan kiran na wuraren aiki, wanda ke zama gobarar gaske bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A Ingila gaba ɗaya kusan kashi 40 cikin ɗari na fitar da suke yi ta ƙararrawar ƙarya ce. Amma ku lura, duk inda mutane ke kwana, asibiti, otal, gidan tsofaffi irin namu, gidajen zama, nan ba ruwansu da tabbatarwa, suna ji suna tahowa.

Auta: Anti to in Turawa da kansu sun gaji, mu su wa? Baban Khalifa kashe abinka ka sha iska.

Lauya: Auta ba haka ta ce ba, ka sake karantawa. Kuma ina jin tsoron irin wannan kwaikwayon. Su can da yawa daga manyan gine-ginensu a haɗe suke da wata cibiya da ke zaune dare da rana, na'ura na tashi saƙo ya tafi, cibiyar ta buga wa 'yan kwana-kwana ko da kowa na barci. Yawan kiran ne ya ishe su har suka ce a tace. Mu fa? Injiniya ka gyara min in na yi kuskure, ƙararrawar Baban Khalifa iyakarta katangar filazarsa.

Injiniyan Kubwa: Ba ka yi kuskure ba Barista. A duk gine-ginen da na yi wa aiki, 'yan kaɗan ne ke da abin da ke tura saƙo waje, shi ma wayar manaja ko ta kamfanin tsaro yake zuwa. Sauran duk, wayar da ta haɗa ƙararrawa da tashar kashe gobara ita ce maigadi da 'yar wayarsa, in da kati a ciki.

Lauya: To ka gani. Su ciwonsu kira ya yi yawa, mu ciwonmu kira ba ya zuwa da wuri. In muka sha maganinsu kashe mu zai yi. Kan batun tara kuwa, Landan ta fara cajin masu gini a 2014, fam 290 kan kowace fita daga ta goma a cikin shekara guda. Ni a ganina da za a kawo irin wannan nan, washegari rabin manajojin Abuja za su zare batir. Mutumin da ke ƙyashin kuɗin sabis ne zai zauna a ci shi tara? Abin da zan ce maka Baban Khalifa shi ne ka rubuta wa mai ginin takarda yau, ka ajiye kwafi, ka ce ƙararrawa na buƙatar gyara. Kuma kada hannunka ya taɓa wayarta. In ka cire don 'yan haya sun matsa, ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, su ɗin ne za su fara nuna ka da yatsa, kamfanin inshora kuma ya samu ƙofar zillewa.

Maman Iman: Barista ya yi gaskiya, kuma akwai abin da ya sa ba su taɓa wuraren kwana ba. Duk wanda ya fara aiki irin nawa a nan sai an ba shi labarin gidan tsofaffi na Rosepark, kusa da Glasgow. A Janairun 2004 wuta ta tashi da asuba a wani ɗan ɗakin ajiya. Ƙararrawa ta yi aikinta sarai. Amma al'adar gidan ita ce a fara nemo wutar kafin a kira, ma'aikatan daren kuma ba su gane sashen da fanel ke nunawa ba, suka yi ta dubawa a inda ba nan ba. Minti tara aka yi kafin a buga waya. Tsofaffi 14 suka rasu. Minti tara fa, ko shayi ba ka gama sha ba. Shi ya sa mu yanzu ƙararrawa na tashi, ɗaya na kan waya, sauran na rufe ƙofofi. In ƙarya ce, a ba su haƙuri a ba su shayi.

Alhaji Na Taminus: Yauwa 'yar'uwa. Abin da nake faɗa kenan.

Baba Mai Ritaya: To na dawo, sallah na je. Alhaji, kai da 'yata Maman Iman duk kun yi gaskiya, amma gininta daban, na Baban Khalifa daban. Ita mutanenta na kwance, wasu ko tashi ba sa iyawa sai an ɗaga su. Shi nasa da rana tsaka ne, mutum ɗari idonsu biyu, hancinsu na aiki. Ga yadda muke koya wa masu gadi a irin filazarsa. Ƙararrawa na tashi, mutane su fara sauka, wannan ba a ciniki a kansa. Mutum ɗaya ya tsaya gaban fanel da waya a hannu, ɗaya ya ruga sashen da ta nuna. Ba wai ya zagaye gini duka ba, sashen kawai. Ya ga hayaki, ko ya ji ƙauri, ko ya taɓa ƙofa da bayan hannu ya ji zafi, kada ya buɗe, ya yi ihu a kira. In minti biyu zuwa uku suka wuce bai dawo da magana ba, a kira. In ƙofar a kulle take ba mabuɗi, a kira. In dare ne, ko ranar Lahadi ba kowa sai maigadi shi kaɗai, a kira kafin ma a duba. In kuma an kira sai aka ga ashe burodi ne ya ƙone a ofis, a sake bugawa a faɗa. Wannan kiran na biyun shi ne mutane ba sa yi, sai su bar mu mu iso mu tarar ana dariya.

Lambar 112 kyauta ce, ko ba kati tana shiga. Amma ka je tashar da ta fi kusa da kai da ƙafarka, ka gaisa da su, ka karɓi lambar ɗakin kiransu ka manna a bango. A Abuja akwai ta tarayya, hedikwatarta na Area 10 a Garki, akwai kuma ta hukumar birnin. Ka riƙe duka biyun.

Alhaji Na Taminus: Baba minti ukun nan ne ba su kwanta min ba. Wa zai riƙe agogo? Maigadin da aka ce jiya ya danna ya koma benci?

Injiniyan Kubwa: Fanel ɗin kansa yana iya riƙewa Alhaji, in na zamani ne. Ana saita shi ya fara ƙara a teburin maigadi kawai, in ba a amsa ba cikin ɗan lokaci, ko lokacin dubawa ya ƙare, sai ya saki jiniyar gini duka. In na'ura ta biyu ta tashi, ko wani ya fasa gilashin jan akwatin nan na bango, ba ya jiran kowa. Amma ni ba na saita wa mutum wannan sai na ga yana da masu gadin da aka horar. In ba haka ba ka ba maigadi hanyar kashe magana cikin ruwan sanyi ne kawai.

Kuma maganar maigadi ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. Majami'ar Notre-Dame ta Paris da ta ƙone a Afrilun 2019, na'urarta ta ji hayaki da wuri. Ma'aikacin da ke gaban fanel sabo ne, saƙon da ya fito kuma a murɗe yake, aka tura mai dubawa rufin wani ɗan gini na gefe, ya dawo ya ce ba komai. Kusan rabin awa aka yi kafin a kira 'yan kwana-kwana. Wannan fa Faransa ce. To ina ga bawan Allah da aka ɗauko daga ƙauye aka zaunar gaban akwati mai rubutun Turanci, ba wanda ya taɓa ce masa ga ma'anar jar fitila ga ta rawaya?

Baban Khalifa: Wallahi Injiniya kamar ka san shi. Mutumin kirki ne, amma boko bai yi ba. Ni ma kaina ban san bambancin ja da rawaya ba.

Injiniyan Kubwa: Ja gobara, rawaya matsala a jikin na'urar, kamar batir ya mutu ko waya ta tsinke. Mutane da yawa in NEPA ta ɗauke aka juya zuwa janareto, fanel ya fara ɗan tsiwa, sai su ce ƙararrawa ta yi ƙarya. Ba ƙarya ta yi ba, cewa take batirina ya gaji. Lafiyayyen batir ya kamata ya riƙe ta awa 24 ba wuta, ya kuma iya kaɗa jiniya rabin awa a kai. Sannan maɓallin yin shiru daban, na sake saitawa daban. In maigadi ya danna na biyun kafin a duba, ya goge shaidar inda abin ya fito.

Malama Ta Gwarimpa: Ina ta karatu ban yi magana ba. Ni abin da ya fi tsaya min a rai a labarin nan ba zuwan mota ba ne. Litinin kowa ya fito, Laraba rabi, Juma'a ba kowa. Cikin kwana biyar an koya wa mutanen gini guda cewa ƙarar nan ba komai ba ce. Ina koyarwa a makarantar kwana, na san yadda yara suke, abin da ka bari ya wuce sau biyu ya zama doka. Ko an gyara na'urar gobe, kunnuwan nan fa ba a gyara su ba.

Auta: Malama ni ma a ofishinmu in ta tashi sai mu leƙa baranda, in ba wanda ke gudu mu koma. Kowa na jiran wani ya fara.

Malama Ta Gwarimpa: To ka ji. Kuma kai ne mai cewa a kashe.

Auta: Na tuba 🙏

Hajiya Mai Turare: Ni tambayata ga Baba. Mutane na cewa ko an kira su sai su zo ba ruwa. To in haka ne meye amfanin saurin kiran?

Baba Mai Ritaya: Hajiya wannan maganar na sha ta har na ƙoshi, har jifa an yi mana a kanta. Ruwan da mota ke ɗauka 'yan dubban litoci ne, in aka buɗe tiyo sosai cikin 'yan mintuna ya ƙare. In ba famfon gobara mai ruwa a kusa, dole mota ta juya ta ɗebo, mutane kuma su ce ta zo ba ruwa. Amsar tambayarki na cikin wannan. Wutar da ke ɗaki ɗaya, tanki guda ya ishe ta. Wadda ta shiga silin ta bi ta haye shaguna, ko mota biyar sai an sha wuya. Mutanenmu kuma sai sun gama gwada bokiti da garin omo da yashi, wuta ta fi ƙarfinsu, sannan a tuna da mu. Da za a ba ni zaɓi tsakanin mai kira a banza da mai kira a makare, na ɗauki na farko. Amma na fi son wanda zai gyara na'urarsa, in ya kira in san da magana.

Alhaji Na Taminus: A nan mun haɗu Baba. Sauran minti ukun dai ina nan a kan bakana.

Admin: Jama'a masu turo tallan fili da na atamfa a tsakiyar maganar nan, na goge. A bari a gama.

Baban Khalifa: Salam jama'a, ga yadda aka kwana. Injiniya ya zo da yaransa yau Talata, Allah ya saka masa. Fanel ya nuna duk sau ukun daga wuri ɗaya ne, hawa na biyu, wani ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Sakatariyarsu sabuwa ce, makonta biyu, tana zuwa da 'yar tukunyar turare ta lantarki, kuma daidai ƙarƙashin na'urar take ajiye ta. Da aka buɗe na'urar, ƙurar ciki ta isa a shuka gero. Amma ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. A hawa na uku mun tarar da guda shida an ɗaure musu baki da leda da kyauro. Wani ɗan haya ya ce tun bara da aka yi fenti masu aikin suka rufe su, ba wanda ya tuna ya cire. Hawa na huɗu kuma guda biyu har yanzu da jar hular roba da suka zo da ita daga kamfani. Wato tun da aka gina wurin ba su taɓa shinshinar komai ba. Batir ɗin fanel duka biyun sun kumbura.

Hajiya Mai Turare: Ka ce wa yarinyar ta zo shagona in ba ta humra, ba hayaki ba tashin hankali.

Maman Iman: Innalillahi. Wato mai ƙaryar ce kaɗai ke aiki.

Injiniyan Kubwa: A'a Anti, saura ma na aiki, mun gwada su ɗaya bayan ɗaya da hayakin gwangwani. Takwas ɗin nan ne makafi. Na rubuta wa maigadi sassan a kwali da Hausa, shi kuma ya ce ajami ya fi iyawa, sai ya sake rubutawa da hannunsa muka manna a gefen fanel. Ranar Alhamis ƙarfe goma za a yi gwaji, an gaya wa kowa. Abin da ya rage kuɗin batir da na'ura huɗu da suka wuce shekara goma, su sai canji.

Lauya: Wa zai biya, mai gini ko kuɗin hidimar 'yan haya? Ka duba yarjejeniyarku kafin ka buɗe baki a taro.

Baban Khalifa: Barista wannan rigimar sai ranar Asabar, na san za a yi ta.

Baba Mai Ritaya: Madalla. Ɗana, da kuka zagaya, matakalar baya fa? Ƙofarta ta ƙasa a buɗe take?

Baban Khalifa: Baba da kwaɗo a jiki. Saboda ɓarayi aka sa tun kafin in zo.

Baba Mai Ritaya: Mabuɗin na wurin wa?

Baban Khalifa: Wurin mai ginin. Ya tafi Umara, sai wani makon.

Baba Mai Ritaya: Injiniya, yaranka na da zarto?